Yadda za ka haɗa matacin farko na kwamin kifi da bokiti da buhun albasa

Famfona na farko, injin da ke zagaya ruwan kwamin kifina, bai cika wata 3 ba ya mutu. Wata safiya cikin hunturu na fito tsakar gida na tarar ruwan da ke zuba cikin kwami ya tsaya cak, injin kuma yana wani gurnani ƙasa-ƙasa, ga shi da zafi rau ko da yake cikin ruwa ya kwana. Na kai wa mai gyara. Ya kwance murfin, ya zaro farfelar, ya ɗaga mini ita: tsinken ganyen darbejiya, zaren buhu da wani dagwalo mai yauƙi na kashin kifi da ragowar abinci sun nannaɗe ta tamau. Ya ce, "Malam, ai ba ciwo ne ya kashe shi ba, shaƙe shi ka yi." Wayar ciki ta riga ta ƙone, gyara bai yiwu ba.

Tun daga ranar ban sake jefa famfo tsirara cikin kwami ba. Sai na sa masa matacin farko, wato wani abu da ruwa zai ratsa kafin ya kai ga bakin famfon, ya bar ganye da kashin kifi da laka a baya. Ana sayar da na kanti, amma galibi ƙanana ne, an yi su ne don kududdufin ado na lambunan Turai da Japan, inda ake ajiye kifaye kaɗan ana ba su abinci ɗan daidai. Kwamin da ke tsakar gida a ƙasarmu, mai tarwada ko karfasa, ga ƙura ga ganye, sai ya toshe irin wannan cikin yini ɗaya. Wanda za ka haɗa da hannunka ya fi shi girma, ya fi shi araha, kuma in wani abu ya lalace a kasuwar unguwa za ka sami madadinsa.

A fahimci aikinsa tukuna, don nan ne mutane ke ruɗewa. Dattin kwami iri biyu ne. Akwai wanda ido ke gani, akwai wanda ya narke cikin ruwa, babbansa shi ne amoniya da kifi ke fitarwa ta matsefatansa na numfashi da kuma wadda ruɓewar kashi da abinci ke haifarwa. Ba raga ko soso ke kawar da amoniya ba, wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu zama jikin tsakuwa da makamantanta suke juya ta zuwa naitirait, daga nan zuwa naitiret, wanda cutarwarsa ga kifi ba ta kai ta biyun farko ba. Su kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon mataci. Matacin farko ba wannan ne aikinsa ba. Nasa shi ne ya tare dattin da ake gani, ya riƙe maka shi wuri ɗaya har ka zo ka kwashe kafin ya ruɓe. Idan ba ka zuwa kwashewa, to ba mataci ka haɗa ba, juji ka gina wa kifinka a cikin ɗakinsu.

Awo kafin sayayya

Auna tsawon kwamin da faɗinsa da zurfin ruwan a mita, ka ninka su da juna, ka sake ninkawa da 1000. Kwamina mita 2 ne da mita 1.5, zurfin ruwa 0.8, ya ba da lita 2400. Abin da aka saba bi shi ne famfo ya iya zagaya ruwan kwamin gaba ɗaya sau ɗaya cikin awa 1 zuwa 2. Lambar da aka rubuta jikin kwali kuwa ta lokacin da famfon ba ya ɗaga ruwa sama ce. Da zarar ka sa masa doguwar tiyo ko ka ce ya hau mita ɗaya, sai ƙarfin ya ragu.

Don haka kar ka dogara da kwali. Ɗauko bokiti mai lita 20, ka tara a inda ruwan ke zubowa, ka duba agogon wayarka. Idan ya cika cikin daƙiƙa 36, famfon yana ba da lita 2000 a awa ke nan. Rubuta lambar da ka samu jikin bango da gawayi. Ita ce za ta riƙa gaya maka ranar wanki nan gaba, ba kalanda ba.

Kayan aiki, da waɗanda za su kashe maka kifi

Za ka nemi bokitin roba mai murfi na lita 20, ƙaramin kwandon roba wanda famfon zai zauna ciki, buhunan albasa na raga kamar 6 zuwa 8, soson wanka na raga guda 3 ko 4 sababbi, tsakuwa manya cikin kwano biyu, igiyar roba, da bulo ɗaya. In akwai mai sayar da kifin ado kusa da kai, sayi soson mataci mai manyan ƙofofi, irin wanda in ka ɗaga shi a rana kana hango haske ta cikinsa. In babu, raga ta wadatar.

A nan zan ɗan daɗe, domin kuskuren wannan mataki ba ya jiran gyara. Kada ka yanka gidan sauro ka yi mataci da shi. Ragarsa tana da kyau, shi ya sa take jan hankali, amma yawancin waɗanda ake rabawa a asibitoci da gida-gida an jiƙa zarensu da maganin ƙwari irin su fametirin da deltametirin, kuma wannan dangin maganin guba ne mai tsanani ga kifi ko da ɗan kaɗan ne ya shiga ruwa. An yi su ne yadda wanki ba zai fitar da maganin da wuri ba, saboda haka "ai na wanke shi" ba hujja ba ce. Haka duro ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, man juye ko wani sinadarin da ba ka san shi ba: roba tana shan abin da aka zuba mata. Nemi wadda aka zuba kayan abinci, ko ka sayi sabuwa. Bokitin fenti yana yi in fentin ruwa ne kuma ka kankare shi tas, amma ni na fi natsuwa da wanda bai taɓa ganin fenti ba.

Soson katifa ma a bar shi. Ƙofofinsa ƙanana ne, yakan toshe nan da nan ya matse kamar tuwon jiya, wani kuma ana sa masa sinadarai a masana'anta. Soson gargajiya na yaɗo yana tacewa da kyau na 'yan kwanaki, daga nan ya ruɓe ya zama shi ne dattin. Wayar tagulla da ragar ƙarfe mai ruwan tutiya suna sakin ƙarfensu cikin ruwa, kifi kuma ba ya jure su. Duk ɗaurin da za ka yi, yi shi da igiyar roba. Gawayin girki da wasu ke cusawa ba ya aikin gawayin mataci na musamman, sai dai ya farfashe ya baƙanta ruwa.

Duk abin da ka tara, wanke shi da ruwa zalla. Ban da omo, ban da sabulu. Buhun albasa a jiƙa shi ya kwana, a sake ɗauraye shi, a kuma ƙona bakin da aka yanka da ashana kaɗan don kada zare ya warware. Zaren nan shi ne babban maƙiyin farfela.

Haɗawa

Fara da huda bokitin. Na'urar huji ta fi tsabta, amma ƙusa mai inci 6 da aka gasa a wuta tana yi, sai dai a yi a waje saboda hayaƙin roba, a kuma kankare tsinin da ya narke da wuƙa don kada ya yanki kifi. Faɗin kowace ƙofa ya kai milimita 8 zuwa 10, kuma a yi su da yawa, 100 ko fiye, kewaye da jikin bokitin.

Me ya sa da yawa haka? Lissafin ba wuya. Bakin bututu mai inci 1 filinsa wajen santimita murabba'i 5 ne. In lita 2000 a awa za ta bi ta nan, ruwan yana gudun fiye da mita ɗaya a daƙiƙa, shi ya sa yake fizgo ganye ya manna shi, ya fizgo ɗan kifi ya manna shi. Ƙofofi 100 masu milimita 10 kuwa filinsu ya kusa santimita murabba'i 80, sai gudun ya sauko zuwa wajen santimita 7 a daƙiƙa. Ruwa yana shiga a hankali, datti yana samun damar maƙalewa a raga, kuma ko rabin ƙofofin sun toshe famfon bai san an yi ba. Duk dabarar matacin farko a nan take: a ba ruwa ƙofa mai faɗi ya shiga cikin natsuwa.

Kada ka huda gindin bokitin, kuma ka bar kamar santimita 10 daga ƙasa ba huji. Wannan wurin shi ne zai riƙe laka mai nauyi lokacin da ka ɗago bokitin. Murfin kuma a yi masa ƙofa ɗaya babba da tiyo zai fita, ƙaramin yanka a gefe don wayar wuta, da ƙananan huji 5 ko 6 da iska za ta fita. Na manta da waɗannan a karon farko, bokitin ya ƙi nutsewa, ya yi ta tangaɗi a saman ruwa ina danna shi yana tasowa, yara suna ta dariya.

Zuba tsakuwa a gindi, ita ce nauyin da zai zaunar da shi. Ɗora famfon cikin ƙaramin kwandon, ka kifa ko ka rufe shi yadda raga ba za ta taɓa bakin famfon ba, ka zaunar da kwandon a tsakiya bisa tsakuwar. Wannan kwando shi ne ɗakin famfo. Dole a sami fili tsakanin bakinsa da kayan tacewa, ko da yatsa uku ne.

Sai jera raga. Ƙa'idar ita ce mai manyan ƙofofi a waje, mai ƙanana a ciki. Cukuikuye buhunan albasa ka jera su jikin bangon bokitin, soson wanka ya biyo baya ya kewaye kwandon, in kana da soson mataci shi ne na ƙarshe. Kada ka danƙara. Hannu yana son cusawa har sai wuri ya cika maƙil, amma abin da aka danƙara ruwa ba ya ratsa shi, sai ya nemi wata 'yar kafa ya bi da dattinsa. In ka danna da tafin hannu ya lotsa ya dawo, ya yi daidai. Rufe saman kwandon ma da buhu ɗaya, don ruwan da zai shigo ta hujin murfi kada ya wuce kai tsaye.

Zaro tiyo da waya, rufe murfi, ɗaure shi da igiya a wuri biyu. Ɗaura wata igiyar a hannun bokitin, ka kawo ƙarshenta bakin kwami ka maƙale. Da ita za ka riƙa jawo shi. Wayar wuta ba igiya ba ce, wanda ya saba jan famfo da ita wata rana zai ɓalle hatimin da ke hana ruwa shiga.

In kwamin yana da 'ya'yan kifi ƙanana, sa bokitin gaba ɗaya cikin buhun albasa biyu ka ɗaure bakin, ko ka rage faɗin hujin zuwa milimita 5 ka ninka yawansu sau huɗu. Ɗan tarwada akwai son lungu mai duhu, duk ƙofar da kansa ya shiga sai ya bi.

Wurin ajiyewa: nesa da inda ruwa ke dawowa, a ɗaya ƙarshen kwamin, don ruwan ya ratsa kwamin duka. Ni ina ɗora nawa a kan bulo. Akwai masu cewa a ajiye shi a ƙasa don ya ja dattin gindi, kuma suna da gaskiyarsu. Dalilina shi ne, in tiyo ya cire cikin dare famfo ya yi ta zubar da ruwa waje, zai tsaya ne a daidai tsayin ƙofofin bokitin, kifi su kwana da sauran ruwa. Gara in rasa famfo da in wayi gari kifi na birgima a busasshen siminti. Lakar gindi kuwa ina zuƙe ta da tiyo sau ɗaya a mako.

Kunna, ka jira minti 5, ka sake awon bokiti. In lambar ta yi kusa da wadda ka rubuta a bango, ka gama. In ta yi nisa, ka cika cusa raga, zare ɗaya ko biyu.

Wanki

Lokacin da daƙiƙa 36 ta koma 45 ko 50, lokacin wanki ya yi. A kwamin ado mai kifi kaɗan yana iya kai mako guda ko biyu. A na tarwada da ake ciyarwa sau biyu ko uku a rana, kwana 2 ko 3 ne, wani lokaci kullum. Da hunturu ƙura da ganye suke cika shi, ko da yake kifin ya rage ci saboda sanyi. Wanda bai rage abinci a lokacin ba, a cikin bokiti zai tsinci kuɗinsa. Da bazara kuma ruɓewa ke sauri, ga shi ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi: wajen miligiram 9 a lita in zafin ruwa ya kai digiri 20, amma kusan 7.5 a digiri 30. Dagwalon da ke ruɓewa yana cin nasa kason daga wannan ɗan abin da ya rage.

Cire filogi daga bango tukuna, kafin hannunka ya taɓa ruwa. Ba kashe makunni kawai ba, cirewa. Soket ɗin ya kasance a inda ruwan sama ba ya kaiwa, ba a haɗa waya da salatif a kusa da kwami, kuma ka sa mai aikin wuta ya ɗaura maka na'urar da ke katse wuta da kanta in ta zurara, mai miliamfiya 30.

Kada ka fizgo bokitin. In ka ɗaga shi da sauri, ruwan ciki zai kwararo ta ƙofofi 100 ɗin nan ya mayar da rabin dattin inda ya fito, an gudu ba a tsira ba. Nutsar da babbar roba ko baho a gefensa, ka ɗaga bokitin a hankali yana cikin ruwa ka zaunar da shi a ciki, sannan ka fito da su tare. Nauyi ne, in da mai kama maka ya fi.

Zazzage ragar cikin bahon da ka ɗebo ruwan kwami, ka girgiza, ka matse, ka sake. Ba sai ta yi fari ba. Bayan 'yan makonni ita ma bakteriyar nan mai amfani ta kama jikinta, kuma ruwan famfon gwamnati mai kulorin yana kashe ta. Kafin ka rufe, buɗe gaban famfon ka juya farfela da yatsa, ka cire duk zaren da ka gani. Ruwan wankin, baƙi mai kauri, kai shi gindin ayaba ko fangalin alayyafo. Tun da na fara haka ban sake sayen taki don 'yan shuke-shuken tsakar gida ba.

Sai batun ɗauke wuta. In famfo ya tsaya awa da yawa, musamman da zafi, dagwalon da ke cikin bokiti yana shanye iskar da ke wurin ya fara wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Da an dawo da wuta famfon zai watsa wannan ruwan cikin kwami. Idan wuta ta kwana babu, cire filogin, ka wanke matacin kafin ka sake kunnawa. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin ƙaramin famfon sola mai aiki duk yini ya fi babban da ke jiran wutar layi.

In bokiti ya kasa: duro

Mai tarwada ɗaruruwa a tankin siminti ko na tamfol zai gaji da ɗaga bokiti. Shi duron roba mai lita 200 ya kamata ya kafa a gefen tankin, ruwa ya gangaro masa da kansa ta bututun ƙasa, famfo kuma ya zauna bayan duron. Jerin nan yana da muhimmanci: kashin kifin da ya bi ta farfela ya riga ya niƙe, ba ya kwantawa da sauƙi.

Bakin duron ya ɗan fi saman ruwan tankin tsayi, in ba haka ba zai yi ambaliya da an kashe famfo. Huji uku za ka yi, kowanne da mahaɗi mai goro da roba irin na tankin ruwan sama. Na shiga a tsakiyar tsayin duron, da bututu mai inci 2, a ciki a sa masa gwiwa ta kalli gefe don ruwa ya riƙa kewaya bango a hankali. Na fita a sama, bututun ya miƙo zuwa tsakiyar duron ya ɗebi ruwan da ke ƙasa da fuska kaɗan, ya kai shi wani mazubin inda famfo yake. Na uku a can gindi, da bawul. Lita 2000 a awa tana ba ruwa minti 6 cikin duron, ya isa datti mai nauyi ya taru a ƙasa. In ka ga ruwan yana juyi kamar ana dama kunu, gudun ya yi yawa, rage shi ko ka ƙara duro na biyu. Kowace safiya buɗe bawul ɗin, baƙin ruwa ya fita har ya fara washewa, ka rufe, ka cike gurbin abin da ka zubar. Ganye da abincin da ke yawo a sama ba sa kwantawa, su sai bokitin raga a mazubin famfo.

Abu ɗaya da bokiti da duro duka ba za su yi maka ba shi ne kawar da koren ruwa. Gansakukar da ke sa shi ƙanana ce ƙwarai, tana wuce kowace raga. Maganinta inuwa ce, zana ko rumfa ta rufe rabin kwamin, da rage abinci, da ɗan kainuwa a wani lungu in kifin zai bar ta. Kada ganin kore ya sa ka ƙara cusa soso mai ƙananan ƙofofi, famfon ne zai biya.

Kuma kafin ka watsar da lakar gindin bokiti, tace ta da rariya ko ka baza ta a faranti ka duba. Sau biyu ina samun ɗan tarwada mai tsawon yatsa kwance a ciki, ya yi ɓul-ɓul da ragowar abinci, ya fi 'yan uwansa na waje ƙiba.